Lissafin Ƙarshen Shekara: Mu Da Uwargida

 A gidanmu muna da wata al'ada. Idan an gama cin shinkafa, baƙi sun watse, yara sun yi barci, sai mu da uwargida mu jawo tabarma kusa da murhu, mu ɗauko tsohon littafin rubutu, mu yi wa shekara hukunci. Doka ɗaya ce: ba a fushi. Wanda ya ɓata rai shi ne zai wanke tukwanen biki. Bana ma mun zauna, kuma muna so mu ba ku labari, domin muna ganin kowane gida a ƙungiyoyinmu ya kamata ya riƙa yin haka.

Uwargida ce ta fara. Ta ce, "Malam, kaji nawa muka shiga shekara da su?" Aka duba littafi, 14. "Nawa suka rage?" Uku. To, ga abin kunya. Maigidan nan malamin gona ne. Ya zaga ƙauyuka a kan babur yana faɗa wa mutane su yi wa kajinsu rigakafi kafin sanyin hunturu, lokacin da annobar kaji take share gari. Ya yi bayani cewa Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Vom tana yin maganin da ake ɗigawa a idon kaza, ɗigo ɗaya, ana maimaitawa bayan wata uku ko huɗu. Kajin mutane suka tsira. Nasa kuwa, kullum sai ya ce gobe. Uwargida ta ce, "Ashe wanzami ba ya son jarfa." Zakaran da muka yanka ranar biki ma a kasuwa muka saye shi.

Sai aka zo kan wake. Da aka gama sussuka muka sami buhu huɗu, muka raba biyu biyu. Maigida ya ɗauki nasa ya kai kasuwa nan take, lokacin da kowa yake kai nasa, farashi yana ƙasa. Ita kuwa ta shanya nata ya bushe sarai, ta zuba a buhun PICS, watau buhun nan mai riɓi uku, leda biyu a ciki da buhu ɗaya a waje, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi, aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu tun 2007. Idan an ɗaure kowane riɓi da kyau, iska ba ta shiga, ƙwari su mutu ba tare da an zuba magani ba. Ta buɗe da damina, wake fes, ba huji. Abin da ta samu ya biya kuɗin makarantar yara biyu. Wa ya koya mata wannan dabara? Shi maigidan ne, a taron zumuntar mata.

Kada ku ce uwargida ta fita da farin jini ita kaɗai. Da muka juya shafi, sai ga kuɗin adashi da ta ɗauka a watan Mayu. An shirya za a sayi buhun taki da shi. Ina ya shiga? Anko biyu na biki, da ɗankwali, da gudummawa. Masara ta yi rawaya a gona tana jiran taki, ita kuwa tana haskakawa a hoto. Ta ce, "Maigida, ai bikin ƙanwarka ne." Maigida ya yi shiru, domin gaskiya ta faɗa. Muka yi dariya har muka tashi ƙaramin yaro daga barci.

Akwai kuma abin da muka yi daidai tare. Tsutsar nan mai cin masara, wadda ta shigo ƙasar nan a 2016, tana ɓoye a cikin kan masara inda sabon ganye yake fitowa. Bana mun riƙa zaga gona da sassafe sau biyu a mako tun masara tana ƙarama, shi ya bi wannan kunya, ita ta bi waccan. Muka gan ta da wuri, muka tare ta. Wannan aka rubuta a littafi da manyan baƙaƙe.

To, me ya sa muka kawo muku asirin gidanmu? Domin a aikinmu mun ga abin da rashin wannan zama yake jawowa. Mutum ya karɓi rancen ƙungiya, matarsa ba ta sani ba. Sai lokacin biya ya zo, ma'aji ya yi sallama a ƙofar gida, sa'an nan ta ji. Wata tana sayar da hatsi tiya tiya don cefane, miji yana tsammani rumbu cike yake, sai a watan Yuli a leƙa a ga ƙasa. Mafi zafi duka, mun ga gwauruwa da aka bar mata bashin da ba ta taɓa jin labarinsa ba, har aka ɗauki akuyoyinta. Ƙungiya ba ta fi gidajen da ke cikinta ƙarfi ba. Idan lissafin gida ya ruɗe, na ƙungiya ma sai ya ruɗe.

Zamani kuma bai bar mana wurin sakaci ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin kai kaya kasuwa ya hau. A wannan shekarar ce kuma cuta ta cinye citta a Kudancin Kaduna, wajen Kachia da Jaba da Kagarko, gidajen da suka dogara ga amfani ɗaya suka sha wuya ƙwarai. A irin wannan hali, kai biyu ya fi kai ɗaya.

Mun san wasu za su ce, namiji ba ya buɗe wa mace cikinsa, in ta san abin da ke aljihu sai buƙata ta ƙaru. Amsarmu ita ce, wadda ta yi shuka da kai, ta yi ciran ciyawa, ta yi sussuka, ta riga ta san buhu nawa ya shiga rumbu. Abin da ba ta sani ba shi ne inda ya fita, kuma nan ne zargi yake tsirowa. Mun lura cewa matar da ta san nauyin bashin gida ita ce take fara cewa a rage anko.

Wasu kuma za su ce irin wannan zama faɗa yake kawowa. Lalle zai kawo, idan an zauna kamar a gaban alƙali. Shi ya sa muke zaɓar lokacin biki, ciki a ƙoshe, zuciya a sake. Maigida ya fara faɗin nasa kuskure da bakinsa, ya yi wa kansa dariya. In ya yi haka, uwargida ba za ta ji tsoron faɗin nata ba. Maganar da za ta zama rigima a watan Agusta, cikin yunwa, a daren Kirsimeti wasa ce.

Ga abin da muke roƙo. Kafin taron ƙungiya na farko a sabuwar shekara, kowane miji da mata su zauna su amsa tambaya huɗu. Me muka girbe? Ina ya tafi? Wa yake binmu, wa muke bi? Wane abu ɗaya ne ba za mu sake yi ba? In ba mai iya rubutu a cikinku, ɗan makaranta ya riƙe biro. A ajiye littafin inda ku biyu kuka sani.

Mu dai mun rubuta namu: kaji ukun nan za su sha ɗigonsu cikin makon nan, waken baɗi duka uwargida ce za ta ɗaure shi, kuɗin taki kuwa ma'ajin ƙungiya ne zai riƙe, ko da ƙanwar wa za ta yi aure. Tukwane kuma, da yake ba wanda ya yi fushi, tare muka wanke.

Allah ya kai mu baɗi lafiya, ya ba mu damina mai albarka.