Mai Zuwa Hutu Ma Baƙo Ne

A zangon karatun da ya gabata na ba ɗalibaina na ajin fassara wata 'yar takardar talla, irin wadda kamfanonin yawon buɗe ido suke bugawa, mai hoton tsibiri da farin yashi da itatuwan kwakwa, na ce su mayar da ita Hausa. Takardar tana bayanin ranar farko ce ta mai zuwa hutu: jirgi ya dire, mota ta ɗauke shi, an tarbe shi da abin sha mai sanyi, an miƙa masa mabuɗin ɗaki, ya buɗe taga ya ga teku. Kusan duk ajin sun rubuta "idan ka isa". Ɗaliba guda ce ta rubuta "idan ka sauka", sannan ta ja layi ta soke, ta yi bayani a gefen takarda cewa ai babu wanda aka sauka a wurinsa. Sokewar nan ce ta sa na ba ta maki fiye da kowa, domin ta gano abin da takardar ta ɓoye. Ra'ayina shi ne, Bahaushen da ya tafi hutu bakin teku, ya isa amma bai sauka ba, ya yi asarar rabin tafiyarsa, kuma wani lokaci yana iya yin asarar abin da ya fi kuɗi.

Bari mu fara da kalmar kanta. Isa aikin ƙafa ne ko na mota. Da zarar hanya ta ƙare an isa. Sauka kuwa tana da nauyi. Mahayi yana sauka daga kan dabba, mai juna biyu tana sauka, almajirin da ya kai ƙarshen Alƙur'ani ya yi sauka. A duk waɗannan akwai wani kaya da aka daɗe ana ɗauke da shi, yau an ajiye, kuma akwai mutanen da suka shaida ajiyewar. Daga nan aka sami masauki, aka sami mai masauki. Idan aka tambayi matafiyi "ina ka sauka?" amsar da ake jira suna ne na mutum: na sauka a wajen wane. Shi ya sa ɗalibar nan ta ji kalmar ta ƙi zama a kan otal, inda lambar ɗaki ce take tsaya maka a matsayin mai gida.

Wannan tsari fatake ne suka gina shi. Ayarin goro yakan tashi daga Kano ƙarƙashin madugu, ya ratsa Borgu, ya bi ta Sansanne Mango da ke arewacin Togo ta yau, ya nufi Salaga a ƙasar Gwanja. Tafiyar yini guda zango ce, wurin kwana ma zango ne, kuma da zangon ya daɗe ya zama unguwa sai sunan ya bi shi. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya warwatsa 'yan kasuwa zuwa Kete Krachi da garuruwan kudu, aka yi ta matsawa har aka iske ruwan da ba a iya ƙetarewa da jaki. Birnin Lome, wanda Jamusawa suka mayar hedikwatar mulkinsu a 1897, ya sami zangonsa a tsakiyar gari, kusa da kasuwa da gaɓa. A 1977 hukuma ta rushe wannan unguwa, aka mayar da mutanenta can arewa da birni, wajen Agoe, tazarar kilomita 15 ko makamancin haka. Wani masani Bafaranshe, Michel Agier, ya wallafa littafi a 1983 a kan 'yan kasuwar wannan zango, kuma abin da ya fi jan hankalinsa shi ne matsayin maigida: mutumin da yake saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan magana ta taso.

A watan Agusta na wata shekara na kai iyalina Lome, ni da uwargida da yara biyu. Mun bi ta ƙasa, daga Legas zuwa Kwatano, muka shiga Togo ta wajen Aneho, teku yana hagunmu har cikin birni. Na riga na kama ɗaki ta intanet a wani otal da ke gabas da tashar jiragen ruwa, na biya rabin kuɗi. Sai dai mahaifina ya ɗora mini sharaɗi: kada in kwana a garin ban fara gaida wani tsohon abokin cinikinsa ba, dattijo mazaunin Totsi, wanda iyalinsa suna cikin waɗanda aka tasa daga tsohon zango. Totsi ba ta kallon teku. Unguwa ce ta cikin gari, mai kasuwa da masallatai da hayaniyar 'yan acaɓa, waɗanda mutanen can suke kira zemijan. Na yi niyyar mu gaisa mu wuce kafin magariba.

Bayan an kawo ruwa an gama gaisuwa, ya tambaye ni, "To ɗana, mota ka zo saye ko atamfa?"

Na ce, "Baba, hutawa muka zo yi."

Ya dube ni, ya dubi yaran, ya ce, "Ikon Allah. A can gida an hana ku gado ne?"

Dariya aka yi, amma tambayar ba ta wasa ba ce. A tsawon zamansa ya saukar da ɗaruruwan mutane daga Najeriya da Nijar, kowa da abin da ya kawo shi: motocin da ake saukewa a tasha, atamfar babbar kasuwa inda matan da ake kira Nana Benz suka yi suna, kayan da za a ɗora wa manyan motoci zuwa Yamai ko Maraɗi. Duk sun ba teku baya suna lissafi. Mai zuwa ya zauna ya kalli ruwa kawai, wannan sabon baƙo ne a gare shi. Duk da haka ya hana mu tafiya. Muka kwana biyu.

Abin da muka samu a kwana biyun nan shi ne hujjata. Da farko ya sa na gyara agogo, domin Togo tana bayan Najeriya da awa guda, ni kuwa ina ta mamakin yadda aka jinkirta kiran la'asar. Sannan ɗansa ya koya mini lissafin kuɗi. Hausawan da suke mu'amala da sefa, musamman mutanen Nijar, da dala suke ƙirga, kowace dala sefa 5 ce. Idan mai shayi ya ce maka dala ashirin, sefa 100 yake nufi. Malamin harshe ne ni, amma sai da yaro ɗan shekara goma sha biyar ya fitar da ni kunya a gaban mai koko da ƙosai. Waɗannan ƙanana ne. Babban shi ne maganar ruwa.

Tekun Lome yana da kyau a ido, ga faɗin yashi, ga kwakwa a jere, ga ƙarafan tsohuwar gadar saukar kaya sun miƙa cikin ruwa, abin da ya rage daga zamanin da Jamusawa suka gina tasu a 1904, Faransawa suka gina wata a 1928. Amma gaɓar tana da gangare, ruwan da ya bugi yashi yana komawa da ƙarfi ta ƙarƙashi, ya ja ƙafar mutum. Watan Agusta kuma, da yake iska tana da sanyi ruwan sama ya ɗan tsagaita, shi ne lokacin da tekun ya fi fushi. Yaron da ya koyi iyo a kududdufi ko a gefen dam yana ganin ya iya ruwa. Dattijon nan ya zaunar da 'ya'yana ya ce musu ruwan bai san ɗan kowa ba, kuma duk wanda ya wuce gwiwa ba da hannun babba ba, shi da kansa zai mayar da shi gida. Takardar talla ba za ta faɗi wannan ba, domin tekun take sayarwa. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne, ni kuwa na ƙara da cewa makantarsa ta fi tsanani a inda idon ya fi jin daɗi.

A nan akwai abin lura ga masu nazarin kalmomi. Da Bahaushe ya tsaya gaban teku ya ga ruwa yana tasowa yana tuƙewa, bai sami abin kwatance ba sai dabbar fatauci: ya ce raƙuman ruwa, ya ce taguwar ruwa. Kwakwar da ake fasawa a sha ruwanta ma da sunan wata ƙasa ya san ta, kwakwar Attagara. Harshen da kansa yana shaida cewa mu mutanen tudu ne da suka zo bakin ruwa a makare. Ba abin kunya ba ne, amma dalili ne na neman jagora.

Da na nuna masa hoton otal ɗin da na biya, sai ya kira wani direba ya tambaye shi. Direban ya ce wurin yana nan, amma yashin da ke cikin hoton ba ya nan. Na je na gani da idona: tsakanin katangar otal da ruwa bai fi taku kaɗan ba, an jibge duwatsu ana tare teku. Dalilin sananne ne ga duk mazaunin garin. Igiyar ruwa a wannan gaɓa tana kwasar yashi daga yamma zuwa gabas. Madatsar Akosombo da aka kammala a kan kogin Volta a 1965 ta rage yashin da ke gangarowa daga Gana, sannan tashar jiragen ruwa ta Lome da aka buɗe a 1968 ta miƙa katanga cikin teku ta tare wanda ya saura. Yashi ya taru a yamma da tasha, gaban birni ya ƙara faɗi, gabas kuwa ruwa ya yi ta cin ƙasa, har tsohuwar hanyar Aneho ta tafi cikin teku aka sake yin wata a baya. Ƙasar da duk gaɓarta ba ta kai kilomita 60 ba, wannan ba ƙaramin rashi ba ne. Hoton intanet ba ya tsufa, gaɓa kuwa tana tsufa kowace damina. Rabin kuɗina ya tafi, amma an nemo mana wani wuri wajen Bagida, inda wani shimfiɗaɗɗen dutse da zaizaya ta tono yake karya ƙarfin ruwa kafin ya iso, yara suka sami inda za su jiƙa jiki.

Na san abin da za a ce, kuma wasu abokan aikina sun faɗa mini. Mutum ya bar gida ne don ya huta da gaishe-gaishe da hidimar jama'a. Idan ya sauka a zango ai ya koma cikin abin da ya gudo. Akwai gaskiya a nan. Uwargida ta fi ni jin wannan, domin ni ina zaure ana hira, ita tana cikin gida tana jin nauyin zama ba ta taɓa aiki ba. Akwai ma magana mafi nauyi. Maigidan da ba ya saukar da falke don lada kaɗai. Yana samun la'ada a cinikin da aka yi ta hannunsa, masaukin kyauta jari ne. Mai zuwa hutu bai kawo goro ba, bai kawo shanu ba, ba za a ci komai a kansa ba. Idan ya baje iyali mako biyu a gidan mutum, a garin da ake sayen ruwa da gawayi, ya zalunci al'adar da yake taƙamar rayawa. Na ga masu yin haka, kuma ba su nake karewa ba.

Abin da nake nufi ya fi wannan sauƙi. A fara da mutum kafin a fara da ɗaki. A zo da tsaraba ta gaske, kilishi ko turare ko yadin shadda, a kwana ɗaya ko biyu, kada a wuce ukun da aka sani na baƙunci, a bar wa uwar gida abin cefane ba tare da an yi shela ba, sannan a koma bakin ruwa a biya kuɗin otal a huta. Wanda ba shi da kowa a garin, masallacin unguwa da teburin mai shayi suna nan. Sallama ɗaya da Hausa a Lome tana samar da wanda zai ce maka kada ka bi can. Wanda kuma ya tafi tsibiri na gaske, Zanzibar ko wani, inda babu zango, ka'idar ba ta canza ba, sai dai ya nemi maigidansa cikin masunta ko direbobi.

Togo ba ta da irin tsibirin da ke takardar ɗalibaina. Mafi kusa da shi shi ne Togoville, garin da ƙasar ta samo sunanta, wanda aka ƙulla yarjejeniyar 1884 da Gustav Nachtigal da sunan sarkinsa. Ba tsibiri ba ne, amma daga Agbodrafo da kwalekwale ake ƙetare tafki a je, mai tuƙi yana dogara sanda a ƙasan ruwa. Kwana guda kafin mu koma gida na ɗauki hayar mota na biya ta Totsi, na ce, "Baba, yau kai ne baƙona." Ya yi ta kawo uzuri, daga baya ya sa hula ya fito. A kwalekwale bai ce uffan ba, ya riƙe gefen jirgi da hannu biyu, ƙaramar 'yata tana yi masa dariya. Da muka dawo muka tsaya a gaɓa wajen la'asar, masunta suna jan koma da igiya, mutum fiye da ashirin a layi. Ya cire takalmi ya zauna a kan yashi, aka fasa masa kwakwa. Ya ce rabonsa da zama a nan tun suna tsohon zango, lokacin da yake yaro ana aikensa kai wa mahaifinsa abinci kasuwa, yana zarcewa kallon jirage. Sai ya tambaye ni nawa mai kwakwar ya karɓa. Na faɗa masa. Ya girgiza kai ya ce an cuce ni da dala goma, ya aika a kira yaron.