Giya Da Maganin Ƙwaƙwalwa Ba Sa Zama Ciki Ɗaya

Wannan shafi ya saba kawo maganar takardar shaidar zama ɗan ƙasa, da rumfunan kasuwa, da gurbin 'ya'yanmu a makarantu. Yau kuwa za mu shiga cikin ɗaki ne, domin akwai wani haƙƙi da mu da kanmu muke danne wa 'yan'uwanmu, wato haƙƙin mai ciwon ƙwaƙwalwa na ya sami magani, ya kuma faɗi gaskiyar halinsa ba tare da an tozarta shi ba.

Ga abin da ya sa muka ɗauko zancen. Kwanakin baya an kira wasu daga cikinmu da asuba zuwa wani gida da ba za mu ambata ba. Saurayi ne mai neman na kansa a kasuwar shanu, wanda ya taɓa samun taɓin hankali, aka kai shi asibiti a Jalingo, aka ɗora shi kan magani, ya samu sauƙi har ya koma aiki. Ran nan aka tashe shi salla ya ƙi tashi, yana wani irin minshari, leɓensa ya yi duhu. Mahaifiyarsa ta ce aljanun ne suka dawo, kawunsa ya ce maganin asibiti ne ya yi masa yawa. Sai da aka ɗaga katifa aka ga ledojin giya 'yan ƙanana da babu komai a ciki. Allah ya yi da sauran kwanansa, an kai shi asibiti a kan lokaci. Amma abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne, a mota ana roƙonmu kada mu faɗa wa likita maganar ledojin nan, wai don kada sunan gida ya ɓaci.

To, barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Mun san hukuncin giya a addininmu, malamai sun faɗa kuma ba su rage komai ba. Sai dai nan Taraba ne, jihar da ba a hana sayar da giya ba, kuma Iware gari ne na kan hanyar Jalingo zuwa Wukari, mai tara baƙi da direbobi da 'yan kasuwa. Burkutu na nan, giyar kwalba na nan, ga kuma ta leda da ake saye da 'yan canji a zura aljihu. Har akwai wasu kwalabe masu ɗaci da ake sayarwa da sunan maganin basir ko ƙarfin maza, alhali giya ce a ciki, mutum ya sha yana ganin magani ya sha. Duk wanda ya ce babu ɗanmu da ke taɓa waɗannan abubuwa, kansa yake yaudara.

Ya kamata kowane gida ya san abin da ke faruwa a jiki. Giya tana kwantar da aikin ƙwaƙwalwa, kuma yawancin magungunan da likitocin ƙwaƙwalwa ke bayarwa su ma kwantarwa suke yi. Idan aka haɗa Valium da giya, barcin da kowannensu ke sawa yana ninkuwa, numfashi ya yi ƙasa, har yana iya tsayawa, ko mutum ya yi amai cikin barci ya shaƙe. Largactil da Haldol, da ake bai wa masu jin muryoyi ko ganin abin da babu, idan suka haɗu da giya suna ƙara jiri da magagi, jini ya sauka, mutum ya miƙe tsaye ya yanke jiki ya faɗi. A yi tunanin wannan a kan ɗan acaɓa, ko mai loda shanu a tirela. Amitiriptilin, da ake bayarwa don ciwon damuwa, yana taɓa bugun zuciya idan ya yi yawa, kuma mai maye ba ya tuna ko ya sha maganinsa, sai ya sake sha. Tegretol, da ake bai wa masu farfaɗiya da masu ciwon da ke hawa da sauka, hanta ce ke sarrafa shi, ita ce kuma giya ke gajiyarwa. Idan aka ƙara da taramol, wanda shi kaɗai ma yana jawo jijjiga, haɗarin ya wuce misali.

Akwai kuma dabarar da wasu ke yi wadda suke gani wayo ne, su ajiye magani kwana biyu don su sha giya. Wannan shi ne ke dawo da ciwon da aka sha wahala aka kwantar. Giya tana ɓata barci, tana ƙara baƙin ciki bayan mayen ya sake, tana kuma cire wa mutum tsoron abin da da hankalinsa ba zai aikata ba. Mai ciwon damuwa da ya taɓa tunanin kashe kansa, a cikin maye ne ya fi kusa da aikatawa.

Wani abu kuma da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne, wanda ya daɗe yana shan giya da yawa kullum, idan aka yanke masa ita dare ɗaya, cikin kwana biyu zuwa uku yana iya kama rawar jiki da gumi da gane-gane da jijjiga, kuma wannan yana kisa. Saboda haka kulle shi a ɗaki ko ɗaure shi da mari, da niyyar a raba shi da giya, yana iya zama ajalinsa. A asibiti ake raba irin wannan mutum da giya, a hankali, da magani da sa ido.

Nan ne maganar haƙƙi ta shigo. Ba mu manta da watan Satumba na 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutane ɗaruruwa, da yawa da sarƙa a ƙafa, sannan aka sake buɗe wani a Daura cikin Oktoba na shekarar. Iyaye ne suka kai akasarinsu da hannunsu, da kyakkyawar niyya. Sashe na 34 na Tsarin Mulkin 1999 ya haramta azabtarwa da wulaƙanta ɗan'adam, bai kuma ware mai taɓin hankali ba. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tabbatar wa majinyaci mutuncinsa da sirrinsa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ya ƙi karɓar wanda aka kawo cikin halin gaggawa, ta kuma wajabta wa ma'aikatan lafiya riƙe sirrin majinyaci. Ke nan abin da ɗanka ya faɗa wa likita amana ce, ba labarin da za a ji a majalisa ba ne.

Mu da kullum muke kafa hujja da sashe na 41 da na 42, muna cewa muna da 'yancin zama ko'ina a Nijeriya kuma kada a nuna mana bambanci don asalinmu, da wane baki za mu yi wannan magana idan a cikin gidajenmu akwai wanda muka ɗaure a turke? Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Jiha duk suna Jalingo, kuma namu ne kamar yadda suke na kowa. Idan ciwo ya fi ƙarfin nan, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri da Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato.

Wasu za su ce ai laifin masu dafa burkutu ne, a je a rufe su. Ba mu tare da wannan magana. Maƙwabtanmu suna da al'adunsu da addininsu, kuma dokar da ta ba mu damar zama ita ta ba su damar sana'arsu. Garin nan ya ɗanɗana abin da irin wannan tunani ke haifarwa ranar 19 ga Afrilun 2022, da bom ya tashi a wata mashaya a Iware, rayuka suka salwanta, ƙungiyar ISWAP ta ce ita ta yi. Mun yi tir da shi a lokacin, muna kuma yi har gobe. Gyaran ɗanmu a gidanmu yake, da kuma wurin likita.

Don haka muna kira ga magidanta da iyaye mata. Duk wanda zai raka majinyaci ganin likita, ya ba shi dama ya keɓe da likitan, domin akwai abin da yaro ba zai faɗa a gaban mahaifinsa ba. Shi kuma majinyaci ya faɗi abin da yake sha, da yawansa, har da na gargajiya da na kemis, domin da wannan likita zai zaɓi maganin da ya fi dacewa da shi. Kada kowa ya tsayar da magani ko ya rage shi da kansa. A samu mutum ɗaya amintacce a gida ya riƙe maganin, yana bayarwa a kan lokaci. Idan aka ga mutum ya ƙi farkawa, ko numfashinsa ya yi ƙasa, a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa madara ko manja ko rubutu, a garzaya asibiti tare da kwalayen magungunansa da duk abin da aka samu kusa da shi.

Malamanmu kuma muna roƙonsu, idan sun yi wa'azin giya su haɗa da cewa ciwon ƙwaƙwalwa ciwo ne kamar hawan jini, kuma addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne. Masu hali daga cikinmu su tuna cewa sau da yawa kuɗin mota zuwa Jalingo da kuɗin maganin wata ne ke sa a yanke jinya, sai yaro ya koma neman barci a cikin leda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saurayin nan da muka ba da labarinsa, mun faɗa wa likita gaskiya a ranar, ko da yake an ji haushinmu. An canza masa magani, kuma yana zuwa asibiti a kan ƙa'ida. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya shiryi zuriyarmu, ya zaunar da Iware da Taraba baki ɗaya lafiya, amin.