Kwamfutar Jirgin Sama Ba Ta Gardama

Yau zancen jirgin sama zan yi, tun da masu hali a cikinmu sun rage bin motar dare zuwa gida, sai dai a je Ikeja a hau jirgi, kafin awa biyu an sauka Kano. In hira ta biyo ta nan, sai ka ji wani ya ce ai jiragen zamani kwamfuta ce ke tuƙa su, matuƙa zaman banza suke yi. Ni dai ban yarda da wannan magana ba.

Gaskiya ne akwai kwamfutar da ke tsara tafiyar jirgi, amma fa mutum ne ke ba ta bayani. Kafin a tashi, matuƙi zai danna mata hanyar da za a bi da nauyin jirgin, har da mai da kaya da fasinjoji. Da wannan nauyin ake lissafa ƙarfin da za a ba inji, da gudun da jirgi zai kai kafin ya ɗaga. In aka ba ta lambar da ba daidai ba, sau da yawa haka za ta karɓa ta yi aiki da ita.

Ga misali. A watan Maris na 2009, jirgin Emirates zai tashi daga Melbon ta ƙasar Ostireliya zuwa Dubai da mutum 275. Nauyinsa tan 362.9 ne, amma mataimakin matuƙi ya rubuta 262.9 a na'urar lissafi, aka zuba sakamakon a kwamfutar jirgin. Lamba ɗaya tak, tan 100 ya ɓace. Jirgi ya yi ta gudu ya ƙi ɗagawa, jelarsa ta goge titi, kyaftin ya ba shi wuta gaba ɗaya, amma sai da ya wuce ƙarshen titin kafin ya tashi da ƙyar. Sun juyo sun sauka, ba wanda ya rasu.

Waɗanda ke cikin jirgin American Airlines ba su yi wannan sa'a ba. A Disamba 1995 sun taso daga Mayami ta Amurka, suna gab da sauka birnin Kali na ƙasar Kolombiya da dare, aka ba su gajeriyar hanya suka karɓa cikin sauri. Matuƙi ya danna harafin R yana nufin tashar Rozo da ke gabansu, kwamfuta ta kawo masa Romeo, wata tasha can kusa da Bogota. Jirgi ya karkata ya shiga cikin duwatsu. Mutum 159 suka rasu, huɗu kawai suka tsira.

To, kafin a ce laifin matuƙi ne kaɗai, a sani cewa a taswirar da ke hannunsu R ɗin ce alamar Rozo, amma a cikin kwamfuta sai an rubuta sunan gaba ɗaya take fitowa. Wato su ma waɗanda suka tsara bayanan suna da nasu kaso.

Mu 'ya'yan 'yan kasuwa mun san wannan darasi tun muna yara. A shagon babanmu, ko wa ya ƙirga kuɗi, mai karɓa sai ya sake ƙirgawa da hannunsa, kuma ba don ana zargin kowa ba. Inda ake samun asara shi ne na biyun ya kalli damin kawai ya ce ai wane ne ya ƙirga. Kusan haka aka yi a Melbon: dokar sake dubawa tana nan, amma ana ta shige da fice ana katse musu aiki, kuskuren ya wuce ta gaban mutum biyu.

Saboda haka ra'ayina shi ne, matuƙa biyu ba almubazzaranci ba ne. Kowanne ya yi lissafinsa daban sannan a gwama, kuma ƙaramin ya samu bakin da zai ce wa babba, ranka ya daɗe lambar nan ba ta yi ba. Kamfanoni su daina matsa musu a kan minti goma. Mu kuma fasinjoji, in an rufe ƙofa jirgi bai motsa ba, kyaftin ya ce suna sake duba wani abu, don Allah a rage tsaki da kallon agogo. Sauri kan haifi nawa, kuma gara a jira mu a gida da a zo yi musu gaisuwa.

Allah Ya kiyaye hanya. Sai mun sake haɗuwa.