Daga Bakin Allo: Mece Ce Ma'anar "Blended Whisky"?

Kwalbar gyaɗa ce ta jawo maganarmu ta wannan wata. Kowa ya san yadda mata ke ɗura soyayyar gyaɗa a tsofaffin kwalabe, daga Kejetia har Aboabo. Na sayo ɗaya na ajiye kan tebur a aji, sai wani ɗalibi ya karanta takardar jikinta, ya ce, "Malam, ai wannan mai sauƙi ce. Yayana ya ce Blended na nufin an sirka ta da ruwa, ba ta bugarwa."

Hankalina ya tashi, domin yayan nan na koyar da shi, kuma ba shi kaɗai ke faɗin haka a Zango ba.

To, kalmar dai ma'anarta gauraye. Amma me aka gauraya da me? Wuski da wuski. A Sikotland iri biyu ake yi. Akwai na tsiron sha'ir zalla, wanda ake tatsa a tukunyar jan ƙarfe, tukunya bayan tukunya. Yana da tsada. Akwai kuma na alkama ko masara, wanda ake tatsa ba tsayawa da injin da Aeneas Coffey ya yi wa rajista a 1830. Shi da araha. Wani ɗan kasuwar Edinbara, Andrew Usher, yana cikin waɗanda suka fara haɗe-haɗen nan, kuma dokar 1860 ta buɗe wa sana'ar hanya. Dabarar ciniki ce, don kaya su yi yawa, ɗanɗano ya zama iri ɗaya kullum. Johnnie Walker da ake gani a allunan talla irin wannan ne.

Ga inda nake so iyaye su lura. Dokar can ta 2009 ta ce duk abin da za a kira Scotch, gauraye ko zalla, sai ya shekara 3 a gangar katako, kuma ƙarfin barasarsa kada ya gaza kashi 40 cikin 100. Giyar kwalba ta yau da kullum kusan kashi 5 ce. Wato ninki takwas ke nan. Sa'ar akpeteshi ce, sai dai ita ta sa kwat da wando. Lambar 12 da ke jikin wasu kwalabe kuwa shekarun mafi ƙuruciya ne a cikin haɗin, ba ƙarfinsa ba.

Kada kuma a zarce, a tsorata da kalmar ita kanta. Ana rubuta ta a kwalin ganyen shayi da galan ɗin man girki, kuma can ma gauraye take nufi. Kalmar da ke biye da ita za a duba, sannan a nemi lambar da ke da alamar % a ƙasan takardar.

Na sa yaron ya nemo lambar da kansa. Ya gani, ya karanta wa aji da ƙarfi, na ce ya kai wa yayansa kwalbar. Gyaɗar dai mun riga mun cinye.