Kitso Ba Ya Cin Gashi, Ɗaurewa Ce Ke Ci



Makon jiya na tashi daga Dutsin-Ma zuwa Kurfi bikin 'yar ƙanwata. Daren kamu, wata jikarmu mai shekara bakwai ta hana mu barci da kuka. An yi mata ƙananan kitso, an ja har girarta ta ɗaga, ga ƙuraje sun feso a gaban goshi. Da na ce a tsefe, sai gwaggona ta ce, "Haba ɗiyar nan, ai jan ne ke fito da gashi. Mu ma haka aka yi mana." Na dubi goshinta, inda gashi ya ja baya kusan yatsu uku, na yi shiru saboda girma. Abin da na kasa faɗa mata shi zan faɗa a nan.

Gashi daga saiwarsa yake tsirowa a cikin fata, kimanin santimita ɗaya a wata, ko an kitsa ko ba a kitsa ba. Amfanin kitso shi ne yana hana gashi cuɗewa da karyewa wajen taza, sai tsawon da ya samu ya tsaya. Shi ya sa mace ke tsifa ta ga kamar ya ƙaru. Wanda take gani a matsefi kuwa kada ya tsorata ta: kowane mutum na zubar da sili 50 zuwa 100 a rana, kitson ne ya tara mata su.

Ɓarnar tana zuwa ne idan an ɗaure. Likitocin fata sun san wannan tun 1907, lokacin da aka lura da shi a kan matan tsibirin Girinlan masu tamke gashi. A 2007, binciken da Dakta Nonhlanhla Khumalo ta jagoranta a birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu ya gano wannan zubewa a kusan kashi ɗaya cikin uku na matan da aka duba, kuma ta fi yawa ga masu kitso a kan gashin da aka miƙar da man rilaksa. Da farko gashin yana dawowa idan an sassauta. Idan aka yi shekaru ana ja, saiwar takan mutu, wurin ya yi tabo, kuma babu man kaɗen da zai tayar da ita.

Mu da muke rufe kai da ɗankwali da hijabi, abin yakan ɓuya har ya yi nisa. Na sha ganin 'yan mata ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da gashin doki mai nauyi har baya, ana shan maganin ciwon kai don a yi barci. Jiki magayi: kitson da ya yi zafi ya riga ya fara ɓarna.

Ba na cewa a bar shuku ko kalaba, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. A ce wa mai kitso ta saki hannu, ta ƙyale gashin gaban goshi. A riƙa sauya tsaga, a bar kai ya huta bayan tsifa. Wadda ta ga zubewa ba tare da ja ba, musamman mai jego ko mai ƙarancin jini, ta je asibiti.

Washegari da asuba uwar yarinyar ta ɗauki kibiya ta tsefe mata. Allah Ya raya mana su. Sai mako mai zuwa.