Wayar Hannu da Ilimin Manya: Ajin da Ba a Tanadar wa Darasi ba

Tun daga 2015, lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya ilimi na tsawon rayuwa cikin muradi na huɗu na Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa, batun ya zama abin ambato a kusan kowane taron ilimi a Nijeriya. Sai dai idan aka zo aikatawa, abin da aka fi gani shi ne sayen kwamfutoci a jera a ɗakin makarantar sakandare, a ɗauki hoto, a kulle. Magidancin da ya bar karatu a aji uku, da matar da aka aurar kafin ta rubuta jarrabawar fita, da malamin firamaren da rabonsa da wani horo tun ranar da ya karɓi takardar NCE, ba kasafai ake tunawa da su ba. Alhali kuwa su ne ainihin waɗanda maganar ta shafa, kuma da yawansu na'urar tana cikin aljihunsu tuni. Darasin da aka tsara domin su ne babu.

Neman ilimi har tsufa ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. A makarantar zaure, ɗan kasuwa mai furfura yakan zauna bayan sallar asuba ko tsakanin magariba da lisha, ya buɗe littafinsa, malam ya fassara masa da Hausa jimla bayan jimla. Ba a tambayarsa shekarunsa, ba a korarsa don ya yi fashin wata guda a fatauci. Amma karatun yana da tsani: wanda bai sauke Ahalari da Ishmawi ba, ba ya tsallakawa zuwa Risala, balle Muhtasar. A ƙarni na 19 Nana Asma'u ta kai wannan tsari ga matan karkara ta hanyar 'Yantaru. Jajiyoyi sukan zo su ɗauki karatu cikin waƙoƙin da ke da sauƙin haddacewa, su koma ƙauyukansu su koyar. Da harshen yau, wannan karatu ne daga nesa, kuma ya yi nasara ne saboda ya zo wa mai koyo da harshensa, a lokacin da ya dace da sana'arsa, bisa jeri sananne, ta hannun wanda aka amince da iliminsa.

Gangamin Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 ma ya bar darasi. Masu shirya shi sun gane cewa wanda ya koyi haɗa baƙi da wasali, idan bai samu abin karantawa ba, zai koma gidan jiya. Shi ya sa Hukumar NORLA a Zariya ta duƙufa wajen buga ƙananan littattafai masu araha da jaridun larduna irin su Sodangi ta Kano da Himma ta Katsina da Zaruma ta Sakkwato. Kayan karatun sun tafi kafaɗa da kafaɗa da ajin. A 1980 Jihar Kano ta kafa Hukumar Ilimin Manya, a 1990 kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa tata hukumar ta ƙasa. Hukumomin suna nan har yau, amma ba a jin ɗuriyarsu a cikin maganar fasahar zamani kamar yadda ya kamata.

Ba a ce ba a yi komai ba. Buɗaɗɗiyar Jami'ar Ƙasa, wadda aka kafa a 1983 aka dakatar da ita a 1984, sannan aka farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000, ta buɗe wa ma'aikata da 'yan kasuwa har da fursunoni ƙofar digiri, kuma littattafan darussanta suna intanet kyauta ga mai so. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna ta shafe shekaru tun 1976 tana koyar da malamai daga nesa. A 2022 an ƙaddamar da dandalin Nigeria Learning Passport da haɗin gwiwar UNICEF. Sai dai jami'a tana neman sakamakon sakandare mai kyau kafin ta karɓi ɗalibi, karatunta kuma da Ingilishi ne, dandalin na UNICEF kuwa an gina shi ne bisa manhajar yaran makaranta. Wanda ya fi bukatar dama ta biyu, watau wanda bai kai ga takardar sakandaren ba, yana tsaye a bakin ƙofa.

Halin malamai ya fi ban takaici. A 2017 Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa, ta ce 21,780 ba su kai makin da aka gindaya ba, aka sallame su. An yi ta muhawara a kan adalcin jarrabawar, amma tambayar da ta fi nauyi ita ce: a cikin shekarun da waɗannan malamai suka yi suna aiki, sau nawa aka mayar da su aji? Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, kuma Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa da kwamfuta take yin jarrabawar cancanta. Ma'ana, ana auna malami da ɗalibinsa da na'urar da ba a koya wa ko ɗayansu ba. Da annobar korona ta rufe makarantu a watan Maris na 2020, jihohi irin su Kano da Kaduna rediyo da talabijin suka koma, domin su ne suka isa gidajen talakawa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna inda ƙarfin yake: murya ce, da Hausa, a kan na'ura mai arha.

Jama'a kuwa ba su jira gwamnati ba. Mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano yana kallon bidiyon YouTube ya koyi buɗe sabon samfuri, ko da bai fahimci rabin abin da mai bayanin ke faɗa ba. Mata suna biyan kuɗi su shiga ajin girki ko haɗa turare ko ɗinki a WhatsApp. Wanda bai iya rubutu ba yana aika saƙon murya, yana kuma sauraren tafsiri daga katin ajiya na wayarsa. Ƙishirwar ilimi tana nan, kuma mutane a shirye suke su biya. Illar ita ce wannan karatu ba shi da tsani, ba shi da mai tantancewa. Bidiyon ƙwararren likita da na mai tallar maganin da ke warkar da cuta goma suna zuwa ta hanya ɗaya, da kama ɗaya, kuma na biyun ya fi saurin yaɗuwa. Zaure yana da malamin da unguwa ta san wurin wanda ya yi karatu. A waya kowa malam ne.

Akwai masu cewa koyar da manya da Hausa tauye su ne, tunda Ingilishi ne harshen ofis da na mafi yawan abin da ke intanet. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma Ingilishin kansa ya cancanci zama ɗaya daga cikin darussan. Amma manomin da ke son sanin adadin takin da zai zuba a gonarsa, ko ungozomar da ke son gane alamun haɗari ga mai naƙuda, ba za a ce su jira sai sun ƙware a wani harshe ba. Damina ba ta jira, naƙuda ma haka.

Duk wani shiri kuma dole ya yi la'akari da yanayin ƙasa. A farkon 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Wutar lantarki ba ta da tabbas. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a Zamfara da wasu sassan jihohin da ke maƙwabtaka da ita saboda matsalar tsaro, aka shafe makonni babu sadarwa. Darasin da ba ya buɗuwa sai da intanet mai ƙarfi, darasi ne na mazauna manyan birane. Wanda zai isa Zurmi ko Illela shi ne gajeren sauti ko bidiyo mara nauyi, wanda za a sauke sau ɗaya a tura daga waya zuwa waya. Hanyar rarrabawar ma akwai ta: samarin da ke zaune a bakin kasuwa da kwamfuta suna loda wa mutane finafinai da waƙoƙi, su za su iya loda darasin lissafin ciniki.

A nan ne nauyi ya hau kan sassan nazarin Hausa na jami'o'i. Kano da Zariya da Sakkwato da Katsina suna yaye ɗalibai kowace shekara, kowanne da kundin bincikensa, kuma mafi yawan kundayen nan ƙura suke sha a kan kanta. Da za a yarda wani kaso na ɗaliban su haɗa kai da takwarorinsu na sashen aikin gona ko kiwon lafiya ko kimiyyar kwamfuta, su fitar da jerin darussa ashirin na minti biyar-biyar da Hausa mai kyau, masanin fannin ya tantance, a sa hatimin jami'a, da an samar da abin da wayar ke nema: jeri da amana. Aikin ƙirƙirar kalmomin fannu, wanda aka daɗe ana yi a tarurrukan masana, shi ma zai samu wurin gwaji a kunnen mai gyaran babur da mai sayar da hatsi, waɗanda za su nuna kalmar da ta zauna da wadda ta ƙi.

Saura shaida. Baligi yana son karatunsa ya zama abin da zai nuna. Hukumomin ilimin manya na jihohi suna da cibiyoyi da malamai a ƙananan hukumomi, kuma Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa tana da tsarin ba da takardar ƙwarewar sana'a. Mai koyo zai iya sauraren darussansa a gida ko a rumfarsa, ya riƙa zuwa cibiya sau ɗaya a mako domin tambaya da bita, a ƙarshen zango a gwada shi da baki da kuma aikin hannu, a ba shi takardar da za ta kai shi mataki na gaba.