Masu neman tikitin jam'iyya, nawa za ku ware wa ilimi?



Guguwar 2027 ta fara kaɗawa. Ana ta ganawa cikin dare, ana lissafin wa zai riƙe shugabancin jam'iyya, wa zai samu tikiti, wane yanki ne ya kamata a bar wa. Ni ɗalibi ne, da bakin ɗalibi kuma zan yi magana. A duk wannan hayaniya ban ji an tsayar da mai neman kujera ko ɗaya an tambaye shi nawa zai ware wa ilimi a kasafin kuɗi ba.

Mu ɗalibai ba mu manta da 2022 ba. Ranar 14 ga Fabrairu malaman jami'a suka shiga yajin aiki, ba su janye ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas cur muna zaune a gida. A tsakiyar wannan zaman ne manyan jam'iyyu biyu suka yi zaɓen fidda gwani a Abuja. Ɗaya ta sayar da fam ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100, ɗayar miliyan 40, kuma aka yi ta rububin saye. Ɗakunan karatu a kulle, 'yan takara suna zaga jihohi suna zawarcin daliget. Wane daliget ne ya ce sai an faɗa masa yadda za a buɗe jami'o'i kafin ya ba da ƙuri'arsa? Ba wanda ya tambaya.

Tushen matsalar ke nan: kuɗi ne ke fitar da ɗan takara. A 2022, a jam'iyya ɗaya daliget uku aka ɗauko daga kowace ƙaramar hukuma, a ɗayar kuma ɗaya tak, daga ƙananan hukumomi 774. Mutane ƙalilan suka tankaɗe, suka rairaye, sannan aka miƙo wa sauran 'yan ƙasa sunaye aka ce su zaɓa. Wanda ya kashe dukiya kafin ya samu tikiti, da bashi a wuyansa yake hawa kujera, bashin kuɗi da bashin alkawari. Ina zai samo na biya? Daga kasafi. Kuɗin da aka zuba wajen neman tikiti, daga bakin makaranta da asibiti ake cire shi daga baya.

Ku duba alƙaluman. Kasafin tarayya na 2025 ya tasam ma naira tiriliyan 55. Biyan bashi ya lashe sama da tiriliyan 14. Ilimi kuwa, daga firamare har jami'a, an rubuta masa wajen tiriliyan uku da rabi, bai kai kashi 10 cikin 100 ba. A 2015, a birnin Incheon na Koriya ta Kudu, ƙasashen duniya sun amince a riƙa ware wa ilimi kashi 15 zuwa 20 na abin da gwamnati ke kashewa. Mun yi nisa da wannan ma'auni. Kuma abin da aka rubuta daban, abin da aka saki daban. Albashi ne ke fara cinye kason, kuɗin gini da kayan ɗakin gwaje-gwaje su ne ke maƙalewa har shekara ta ƙare. Shi ya sa ɗalibin kimiyya zai kammala digiri yana zana na'ura a takarda, bai taɓa riƙe ta da hannunsa ba.

Za a ce ai an kawo bashin karatu. Gaskiya ne, tun 2024 ɗalibai ke cike fam ɗin neman rance, kuma ya share wa wasu hawaye, ban raina ba. Amma ya zo ne bayan an janye tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin mota ya tashi, jami'o'i da dama sun ninka kuɗin rajista. Rance yana biya wa ɗalibi kuɗin shiga aji. Ba ya gina ajin, ba ya ɗaukar malami, ba ya kawo ruwa ɗakin kwana. Wannan aikin kasafi ne.

A nan dole in juyo kanmu, domin abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ina shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai? Da zarar an kaɗa gangar siyasa sai ka gan su a ƙofar gidan mai neman takara, riƙe da lambar yabo, suna naɗa shi gwarzon matasa. Mutumin da bai taɓa leƙa makarantarsu ba. A karɓi na mota, a ɗauki hoto, a watse. Wasu har cewa suke yi sun yi karo-karo sun saya wa ɗan siyasa fam, alhali a ajinsu akwai wanda ya ajiye karatu saboda kuɗin rajista ya gagari mahaifinsa. Wallahi wannan abin kunya ne. Sunanmu ake sayarwa, kuma da arha. An rage shekarun tsayawa takara a 2018 don matasa su shigo, mai shekara 25 yana iya neman majalisar wakilai, amma muddin kuɗi ne ke buɗe ƙofar jam'iyya, ɗan talaka sai dai ya riƙe wa wani fosta.

Roƙona ga 'yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya kai shekara 18 ya yanki katin zaɓe, wanda ke da ra'ayin wata jam'iyya ya yi rajista a mazaɓarsa, don ko 'yar tinƙe za a yi ko maslaha, a same mu a wurin. Ku kuma iyayenmu da ke cikin jam'iyyu, 'ya'yanku ne suka yi zaman wata takwas ɗin nan. Idan mai neman shugabancin jam'iyya ko tikiti ya zo gaishe ku, kafin ya buɗe jaka ku tambaye shi kashi nawa zai ba ilimi, a wace shekara, kuma daga ina zai rage don ya cike. Ku ce ya rubuta ya sa hannu, a karanta a rediyo kowa ya ji.